Kunya Ashirin da Uku

Ranar da madubin bas ya daki Baba a gwiwar hannu, ni na ɗauki hoton. Aikina ke nan a asibiti, ɗaukar hoton ƙashi, a wani ɗaki mai sanyi marar taga da ke ƙarshen barandar da ake shigo da waɗanda suka yi haɗari. Ina goge teburi aka turo ƙofa, na ɗaga kai sai ga mahaifina. Ƙafar wandonsa ta dama tana cuse cikin safa, yadda yake yi kullum don kada sarƙar keke ta kama, ya rungume hannunsa na hagu a ƙirji.

"Ba komai ba ne, Uwata," ya ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba. "Shafata kawai ya yi ya wuce."

Shafar ta kumbura ta kai lemo. Na zaunar da shi, na miƙar da hannun, na ce kada ya motsa, na shige bayan gilashi. Da hoton ya fito babu karaya, ko tsagewa babu. Na yi wa Allah godiya a zuci, sannan na buɗe baki na yi masa faɗan da shi ya kamata a ce yana yi mini. Ni kowa ya san ni, idan na tsorata faɗa nake yi. Ya saurara har na gaji, ya ce, "An gode, likita," ya sunkuya ya gyara safarsa, ya tafi aiki a kan keken nan, ta kan titin da ya kusa cinye shi.

Daga gidanmu zuwa kamfanin katifar da Baba yake tsaron ƙofa da rana, hanya biyu ce. Idan ka fito ka kai kwanar mai jarida, hannun dama babban titi ne: layi huɗu, bas-bas da tireloli da ƙananan motoci, kowane direba yana ganin shi kaɗai ya makara a duniya. Rabon mai keke a can shi ne ɗan siririn da ke tsakanin farin fenti da bakin kwata, inda yashi da fasassun kwalabe suke taruwa. Rabin mutanen da nake ɗauka hoto daga wannan titin ake kwaso su.

Hannun hagu kuwa cikin unguwa ne. An matse titunan, an dasa itatuwa a gefe, kuma duk ɗan nisa kaɗan sai ka tarar da tudun siminti ya kwanta ya tsallake hanya don mota ta rage gudu. Kunya mutane suke ce wa tudun. Ni ko fartanya ban taɓa riƙewa ba, amma na san kunyar gona, na kuma ga kamannin, don haka ban taɓa tambayar inda sunan ya samo asali ba. A cikin unguwar tsofaffi a tsakiyar titi suke tafiyarsu, mota ta biyo su a baya tana haƙuri. Bambancin hanyoyin biyu bai wuce minti goma ba. Shekara goma sha shida Baba yana hawan keke, bai taɓa karya kan keken hagu ba.

Baba mutum ne da idan ka tsare shi da tambaya ido da ido, sai ya tuna akwai abin da ya bari a waje. Saboda haka da ya tafi na ɗauki waya na rubuta masa: "Baba, don girman Allah, me ya hana ka bi ta cikin unguwa?"

Sai da aka yi awa biyu amsa ta zo. Shi dama saƙonsa kamar ana cire masa haƙori a kan kowane harafi. Kalma ɗaya ce: "Kunya."

Na dafe kai na ce, ai kuwa, ni ce sakarya. A da Baba direba ne. Motar kamfanin burodi yake ja, wata rawaya mai hoton mai gashin burodi a jiki, yana murmushi, fentin haƙorinsa ɗaya ya ɓare. Ina shekara goma sha ɗaya ya ajiye tuƙi, aka ce mana ciwon baya ne. Da wannan bayan muka tashi a gida. Ba ma bari ya ɗauki bokiti, ba ma bari ya ja kujera, ƙannena ma an hana su hawa wuyansa. To mai ciwon baya ina shi ina hawa tudu da sauka safe da yamma? Tausayinsa ya kama ni, na ji haushin kaina da na yi masa faɗa.

Daga nan na tsunduma. Ranar hutuna na je wurin mai gyaran keke na zaɓi sirdi mai faɗi, mai sifirin biyu a ƙasa, wanda mai gyaran ya rantse ko ƙwai aka ɗora masa ba zai fashe ba. Na taka cikin unguwar da ƙafa tun daga kwanar mai jarida har ƙofar kamfanin katifa, ina ƙirga kunya ɗaya bayan ɗaya, mutane suna kallona kamar wadda ta yar da allura. Ashirin da uku na samu. Ashirin da biyu sababbi ne, masu sulɓi, an yi musu fari da baƙi, kuma an bar ɗan tsagi a gefe wanda tayar keke za ta bi ba tare da ta hau ba. Ɗaya ce kawai ta daban, ta farko, a kan dogon layin da ba yadda za a yi a kauce masa. Tsohuwa ce, ƙatuwa, ta fi sauran tsawo, ta kama daga wannan kwata zuwa waccan, kana gani ka san ba ma'aikata suka zuba ta ba.

Na zana masa taswira a bayan ambulan ɗin hoto, na sa alama a kowace kunya. Ya karɓa ya duba da kyau, ya ce, "Ashe kin iya zane." Ya ninke ya sa a aljihu. Ya shafa sabon sirdin ya sa mini albarka. Washegari na laɓe a ƙofar gida ina kallonsa, yana tafe yana lilo a kan sifirin, ya kai kwanar mai jarida ya karya dama abinsa.

Na shiga kicin na tarar da Mama tana yankan albasa, na sauke mata duk abin da ke cikina.

"Ki ƙyale mahaifinki," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ya fi ki sanin abin da ke damunsa."

"In ƙyale shi har sai an kawo mini shi a lulluɓe?"

"Kul. Ki iya bakinki."

Ta ci gaba da yankanta. Na ga idonta ya kawo ruwa, amma albasa ce a hannunta, ban iya tantancewa ba.

Sati biyu bayan haka, ranar wata Talata, aka turo wani dattijo a kan gadon marasa lafiya, an rufe shi da zane har wuya. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne ƙafar wando a cuse cikin safa. Ban san lokacin da na isa bakin gadon ba. Ba Baba ba ne. Wani ne mai furfura irin tasa, tirela ta matse shi da bakin kwata. Hoto bakwai na ɗauka masa, ba wanda na so in sake kallo. Bai kai yamma ba. Na shiga banɗaki na kulle, na yi kuka saboda shi, na kuma yi saboda farin cikin da na ji lokacin da na ga fuskarsa ba ta mahaifina ba ce.

A satin na yaudari Baba. Na ce likita yana son a sake duba gwiwar hannun, da ya zo na ce tunda an zo a haɗa da bayan. Ya yi ɗan turjiya, na ɗaure fuska irin ta aiki, ya kwanta. Na kai wa likitan ƙashi hoton ban ce na waye ba. Ya ɗaga shi a haske ya ce, "Wannan bayan ai zai ɗauki buhun siminti. Me ya kawo shi?"

Ya kamata a ce a nan na tsaya na yi tunani. Amma kullum ina gaya wa mutane akwai ciwon da ba ya fitowa a hoto, sai na gaya wa kaina hakan. Na ce saura uzuri ɗaya ya rage masa, tsohuwar kunyar nan, kuma sai na ga bayanta.

Daidai kan kunyar akwai shagon tela. Ɗan ƙaramin shago ne, ƙofarsa a buɗe, keken ɗinki a bakin ƙofa don a samu haske, riguna a rataye a igiya, ƙyallaye cike da wani kwali. Telan dattijo ne siriri, tabarau a ƙarshen hanci, abin awo a wuya. Ina durƙushe ina gwada tsawon tudun da tafin hannu ya leƙo.

"'Yata, in riga za ki ɗinka mata, ga abin awo."

Na yi dariya, na gaishe shi, na ce ina neman wanda zan yi wa magana a fasa gefen kunyar nan saboda masu keke. Akwai wani dattijo mai ciwon baya da ita ce take hana shi bin layin.

"To ai kin zo wurin," ya ce. "Mu muka zuba ta. Da hannunmu, ni ina zaune a kujera ina ba da umarni. Duk sauran da kika gani jikokinta ne, daga baya hukuma ta ga abin ya yi kyau ta kwaikaya. Shigo ki zauna. Kin san me ya sa ake ce mata kunya?"

"Saboda ta yi kama da ta gona."

"Haka baƙi suke cewa."

Ya tashi ya ɗauko mini kujera, a nan na ga tafiyarsa. Ni ba na iya ganin mutum yana ɗingishi ban karanta ƙashinsa ba. Ƙwaurin dama ne, duka ƙasusuwan biyu, sun haɗe a karkace, ƙafar ta gajarce da kamar yatsu biyu. Da ya koma kan keken ɗinkin na lura da ƙafar hagu yake taka shi.

"Keke biyu gare ni a da," ya ce, "wannan da na hawa. Wani direba ya bar mini ɗaya. Lokacin layin nan a miƙe yake, ba tudu ba itace. Idan babban titi ya cushe, direbobi ta nan suke yankowa, da gudun da suka taho da shi. Wata safiya na fito zan kai ɗinki, ko feda biyu ban taka ba na ji ni a ƙasa. A nan, daidai inda kika durƙusa."

"Ya gudu?"

"Ina fa. Da ya gudu ai da na huta, in zage shi in more. Shi ya ɗauke ni a hannu kamar yaro. Ya yage hannun rigarsa ya ɗaure mini ƙafa, ya kai ni asibiti, yana tuƙi yana kuka. Wata uku na yi a kwance. Sau uku yana zuwa, ina hango shi a bakin ƙofar ɗaki da leda a hannu, ya tsaya, ya tsaya, sai ya ajiye ledar wurin ma'aikaciya ya juya. Daga nan ban ƙara sa shi a ido ba. Matata ta ce rashin mutunci ne, maƙwabta suka ce a'a, kunya ce. Ranar da muke zuba simintin nan wani mai shegen baki ya ce, to ga kunyar direba nan mun binne a titi, kowa ya zo ya taka. Aka yi dariya, suna ya bi ta. Yau har takardun hukuma na ga an rubuta kunya."

Na tambaye shi shekara nawa ke nan.

"Sha shida, da damina."

"Wace irin mota ce?"

"Ta burodi. Rawaya. Ina kwance a ƙasa ina kallon wani ƙato a jikinta yana yi mini murmushi da giɓi. Har yau idan na ga burodi sai ƙafata ta motsa."

Ya yi dariya, ni ban iya ba. Na tuna shekarun da muka yi muna ƙwace bokiti daga hannun mutumin da bayansa lafiya lau, shi kuma yana sakar mana. Na tuna Mama da albasarta. Na tuna saƙon nan nasa mai kalma ɗaya. Sau ɗaya a rayuwarsa ya gaya mini gaskiya tsirararta, ni kuma na je na sayo masa sirdi.

"Baba Tela, da za ka gan shi yau, me za ka yi?"

"Zaginsa zan yi," ya ce, ba tare da ya yi tunani ba. "Na haɗa zagin tun ina gadon asibiti, na gyara shi, na sa masa aljihu. Yanzu ya tsufa a bakina, rabi ma na manta. Amma sai na yi, ko sau ɗaya. Ba ƙafar ce ta fi ci mini rai ba, 'yata. Mutum ya ɗauke ka a hannu, ya yi kuka a kanka, sannan ya kasa shigowa ya ce sannu. Wata uku ina kallon ƙofa."

Da ina da hankali da na yi sallama na tafi. Amma na faɗa muku halina.

"Dattijon da nake wa magana," na ce, "shi ne direban. Mahaifina ne. Tun ranar bai sake taɓa sitiyari ba. Keke yake hawa."

Ƙafarsa ta tsaya a kan keken ɗinkin. Ya cire tabarau ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

"Ina yake aiki?"

"Kamfanin katifa."

"Ai ta nan ce hanyarsa. Ta ina yake bi?"

"Ta babban titi."

"Kullum?"

"Kullum. Safe da yamma."

Na zaci zai yi shiru, ko ya kore ni. Sai na ga ya fusata, irin fushin da ke sa jijiyar wuya ta tashi.

"Mahaifin naki yana da hankali kuwa? Ni na sa aka zuba wannan abin don kada a sake banke mai keke. Ashe shekara sha shida ita take kora mai keke bakin tirela ban sani ba? So yake ya mutu a can a ce saboda ni? Bai ishe shi ƙafata ba, sai ya ɗora mini gawarsa?"

Ya mayar da tabarau, ya ja wani wando ya sa a ƙarƙashin allura, amma bai taka ba. Ya tambaye ni faɗin tayar keken, na nuna masa da yatsu. Ya ce in tafi, yana da aiki.

Da yamma na tarar da Baba a tsakar gida yana shafa wa sarƙa mai. Na ja kujera na zauna ta wajen ƙofa, don kada ya tuna da abin da ya bari a waje.

"Na je wurin Tela," na ce.

Hannunsa ya tsaya. Bai tambaye ni wane tela ba. Mama ta fito daga ɗaki, ta gan mu, ta koma.

"Yana nan?" ya ce a hankali.

"Yana nan. Da ƙafar hagu yake ɗinki."

Ya goge yatsunsa a tsumma, ɗaya bayan ɗaya. "Minti biyar na so in rage," ya ce. "Burodi ne, Uwata, ba jini nake kaiwa ba. Minti biyar. Na je asibitin, ƙafata ta ƙi shiga. Na ce gobe. Da aka sallame shi na ce sai ya ɗan warware. Shekara ta zagayo, na ce yanzu kuma da wane ido. A babban titi ba wanda ya san ni. Ba wanda yake kallon fuskar wani. A cikin unguwa kuwa a hankali ake tafiya, kowa sai ya gan ka."

"Shi ya sa ba a mutuwa a can, Baba."

"Na sani."

"Ya ce zai zage ka."

"Yana da gaskiya."

"To ka je ka karɓa. Ni na fi son a zage ka da a turo mini kai a kan gado." Daga nan na ba shi labarin dattijon ranar Talata, da safarsa. Ya saurara kansa a ƙasa. Da na gama ya ce Allah ya jiƙansa, ya ɗauki keken ya jingina a bango. Washegari ya karya dama. Na tsaya a ƙofar gida ina jin kamar in kurma ihu.

Kwana uku bayan haka na biyo ta dogon layin da yamma, na tarar da ɓaraguzan siminti a bakin kwata. An fasa gefen tsohuwar kunyar, ta ɓangaren shagon. Tsagin bai miƙe ba, ya ɗan karkace, amma taya za ta wuce. Tela yana zaune a bakin ƙofa, babban yatsansa naɗe da ƙyalle, guduma a ƙarƙashin kujera.

"Kwana biyu na yi a kanta," ya ce. "Mun cika mata siminti, lokacin fushi muke. Maƙwabta sun ce a bari su taya ni, na ce wanda ya sa aka zuba shi zai fasa. Ki gaya masa na auna."

Ban gaya masa komai ba. Aikina hoto ne, na ɗauka da waya na tura masa, har da yatsan. Bai amsa ba. Da muka zauna cin abinci bai yi maganar ba, amma na ga ya ajiye cokali ya ciro wayar sau biyu.

Da safe na riga shi fita, na tsaya bayan rumfar mai jarida. Ya taho yana lilo a kan sirdinsa, ya kai kwana, ya sauke ƙafa ɗaya a ƙasa. A dama wata tirela ta wuce, iskarta ta ɗaga jaridu. Ya tsaya har mai jarida ya tambaye shi ko lafiya. Sannan ya ɗaga hannun hagu, kamar yadda direban kirki yake sa sigina ko ba kowa a bayansa, ya karya.

Na bi shi da ƙafa, ban ma sha wuya ba, don tafiyar da yake yi ko akuya za ta wuce shi. Wata mata mai shara ta gaishe shi ya amsa. Wani mai mota ya tsaya ya ba shi hanya, Baba ya rikice har ya kusa faɗuwa, bai saba ba. Da ya hango shagon na ga kafaɗunsa sun ɗaga. Tela yana bakin ƙofa, ya fito da kujera biyu.

Baba bai bi ta tsagin ba. Ya saita tsakiyar kunyar, inda ta fi tsawo, ya hau ta, keken ya yi tsalle, sifirin ya yi ƙara, ya sauka ya taka birki a gaban shagon. Ya sauko ya tsaya riƙe da keken.

"Kai wane irin mutum ne?" Tela ya ce. "Kwana biyu ina fasa siminti da ƙafa ɗaya, na fasa yatsa, ka zo ka hau ta tsakiya?"

Baba ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Sannu," ya ce. "Ya ƙafar?"

Tela ya dube shi daga hula har safa. Na ga leɓensa yana motsi, yana laluben zagin nan da ya yi wa aljihu. Ni ma na ƙanƙame jakata ina jira.

"Matsoraci," ya ce a ƙarshe. Ya tsaya kamar akwai saura, sauran bai zo ba. "Ka yi furfura. Da kai ba ka da furfura." Ya tura kujera da lafiyayyar ƙafar. "Zauna. Wannan wandon kuma waye ya koya maka cusa shi a safa kamar ɗan makaranta? Kawo in sa maka maɓalli."

Baba ya jingina keken a jikin itace ya zauna a gefen kujerar. Ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Tela ya juya yana tonon gwangwanin maɓallai, ya daɗe yana tono, ya fi ƙarfin neman maɓalli ɗaya. Na ga ba wurina ba ne, na juya na nemi hanyar asibiti. Ranar ni da Baba duka mun makara, shi karo na farko tun da ya fara aikin.

Wajen ƙarfe goma ina cikin ɗakina mai sanyi, tsakanin wani yaro da ya faɗo daga katanga da wata tsohuwa mai ciwon ƙugu, na kasa haƙuri na rubuta masa: "Baba, ka isa? Ya hanya?"

Wannan karon bai yi minti biyar ba, kuma a ma'auninsa wasiƙa ce guda.

"Na isa. Ashirin da uku ne, kin ƙirga daidai. Ta farkon ce kawai mai wuya."